Ɗan Riƙo a Tamaske: Gida Ya San Shi, Doka Ba Ta San Shi Ba

A Tamaske, kamar sauran garuruwan Adar, da wuya ka shiga gida ka tarar duk yaran da ke wasa a tsakar gidan matan gidan ne suka haife su. Akwai ɗan fari da aka kai wa kaka tun ranar yaye, saboda kunyar da uwa ke yi masa. Akwai 'yar da aka ba gwaggo don ta ɗebe mata kewa, ita da Allah bai ba haihuwa ba. Akwai agola da uwarsa ta zo da shi, akwai maraya da baffa ya ɗauka bayan sadakar arba'in. Ga kuma ci-rani. Mutanen Adar sun yi suna wajen tafiya biɗa: da an gama girbi sai maza su nufi Najeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya, wani ya dawo da saukar damina, wani ya shekara uku. Ko a lokacin aikin raya kwarin Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa wajen jidar duwatsu da haƙar ramuka, domin mazan ba sa gari. Inda maza ke tafiya mata na fita aiki, dole yara su riƙa sauya hannu.

Yadda ake ba da riƙon ba wani biki ba ne. Uwa ta ƙulle wa yarinya 'yan tufafinta a ɗankwali, ta kama hannunta zuwa ɗakin babbar 'yar'uwarta, ta ce, "Yaya, ga amana nan." Ita kuma ta ce, "Allah ya raya, Allah ya ba mu ikon riƙewa." Shi ke nan. Daga ranar ci da sha da sutura da tarbiyya sun koma kan uwar riƙo, sau da yawa har zuwa kayan ɗaki ranar aure. Sunan uba bai canja ba, gadonta bai canja ba, kowa ya san asalinta.

Wannan tsari shi ke ɗauke da mafi yawan yaran da suka rasa gata a ƙasar nan, ba gidan marayu ba. Akwai ƙauyen yara na SOS a birnin Tawa, kuma yana aikinsa, amma nawa zai ɗauka idan aka dubi jihar da ta haɗa Keita da Buza da Madawa da Ƙonni? Abin da ke damuna shi ne rubutacciyar dokar Nijar ba ta ware wa riƙo gurbin kansa ba.

Kundin dokokin zaman jama'a da kotunanmu ke aiki da shi gado ne daga Faransa, tushensa kundin Napoleon na 1804, a yadda yake lokacin samun 'yancin kai a 1960. A cikinsa akwai babi kan mayar da ɗan wani naka a gaban alƙali, da sharuɗɗa masu tsauri: miji da mata su yi fiye da shekara 10 da aure ba haihuwa, ɗayansu kuma ya haura shekara 35. Idan an cika, yaron zai iya ɗaukar sunan gidan ya kuma ci gado. To wannan shi ne ainihin abin da malamai ke kira tabanni, wanda Suratul Ahzab ta soke a kan Zaidu ɗan Harisa, aka yi umarni a riƙa kiran kowane ɗa da sunan ubansa. Saboda haka ƙofar da doka ta buɗe, Musulmin Tamaske ba zai bi ta cikinta ba. Wadda yake bi kullum kuma, ba wanda ke rubuta wa.

Ba wai addini ya bar yaron da ba shi da kowa a banza ba. A Risala da Mukhtasar, littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, an yi bayanin wanda ya fi cancantar renon yaro idan aure ya mutu: uwa, sannan kaka ta wajen uwa, haka har ƙasa. Tsintaccen jariri ɗaukarsa wajibi ne a kan jama'a, idan wani ya yi ya ɗauke wa saura. Shayarwa tana ƙulla muharramaka. Wanda ya riƙe yaro kuma yana so ya bar masa wani abu, yana da damar yi masa kyauta tun yana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Wannan riƙo da ba ya taɓa nasaba shi ake kira kafala, kuma sashe na 20 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya ambace shi da sunansa. Maroko da Aljeriya sun shigar da shi cikin dokokinsu, alƙali ke tabbatar da shi a rubuce.

Mu kuwa mun tsaya a tsakiya. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, da wadda ta maye gurbinta a 2004, da ta 2018, an ce a sha'anin aure da saki da nasaba da gado, alƙali zai yi hukunci da al'adar masu shari'ar, tare da mataimaka masana al'ada a gefensa. Sarakunan gargajiya kuma suna da hurumin sulhu. Yunƙurin samar da kundin iyali ya ci tura a farkon shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011, bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun nuna rashin amincewa. Da aka yar da kundin, sai maganar ɗan riƙo ta ci gaba da zama ba a rubuce ba.

An yi wasu dokokin, ba a zauna ba. An kafa alƙalan yara a 1999, aka sabunta dokarsu a watan Nuwamba 2014. Suna da ikon ɗauke yaron da ke cikin haɗari su damƙa shi ga wani dangi ko wata cibiya. Dokar hana safarar mutane ta fito a Disamba 2010. A 2019 aka yi dokar kafa kwamitocin kare yara tun daga jiha har ƙauye. A 2021 Nijar ta shiga yarjejeniyar Hague ta 1993 da ke tsara yadda 'yan wata ƙasa za su ɗauki yaro. A ƙetaren iyaka ma, jihar Sakkwato ta sa hannu a dokarta ta kare yara a 2021, Kano a 2023. Amma yawancin waɗannan dokoki sai ɓarna ta auku suke tashi. Alƙalin yara ba ya ganin yarinyar da aka cire daga makaranta aka ɗora mata tallar goro, ko wadda ke tashi tun asuba ta yi daka da ɗiban ruwa yayin da 'ya'yan gida ke barci. Riƙon sakainar kashi ba ya zuwa kotu, domin wanda zai kai ƙarar yana tsoron ɓata zumunci.

Jihar Tawa ta san inda rashin rubutu ke iya kaiwa. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana 'yar shekara 12, a kan jika 240 na sefa, aka kai ta gidan wani mutum a yankin Ƙonni a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara. Wannan bauta ce, ba riƙo ba, kuma ba na haɗa su. Sai dai abin lura shi ne yarinya ta bar gida ta shiga wani gida, ta shekara tara a ciki, ba wata hukuma da ta tambayi da wane matsayi take zaune. Sai a 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, don haka nauyin irin wannan shari'a yanzu ya rataya ne a wuyan kotunan cikin gida.

A ɗaya ɓangaren akwai shari'ar jariran da ta girgiza Yamai a 2014, inda aka tuhumi mutane kusan 30 da kawo jarirai daga Najeriya ta hanyar Benin, aka nuna su a matsayin haihuwar matan gidan. Cikin waɗanda aka tuhuma har da Hama Amadou, shugaban majalisar dokoki na lokacin, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wa ɗaurin shekara ɗaya a Maris 2017. Shi kuwa ya musanta, ya ce siyasa ce. Aka yi ta muhawara a kan siyasar, aka manta da tambaya mafi nauyi: me ke sa mace ta gwammace ta ɓoye gaskiya a kan ta riƙi ɗan wani a fili? Gorin haihuwa ne daga kishiya da dangin miji, da kuma tsoron cewa ɗan riƙo ana iya zuwa a karɓe shi ranar da ya fara amfani.

Wannan tsoron gaskiya ne, kuma ta ɓangarori biyu yake cizo. Uwar riƙo ta yi shekara 15 tana wahala, ranar da manema suka fito sai uban da bai taɓa aiko da ko sabulu ba ya zo ya karɓi sadaki. Maraya ya girma ya tarar garkar albasar ubansa ta narke cikin ta baffansa, shaidun kuma sun mutu. Sai batun takardar haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne aka yi wa rajista a Nijar. Dokar rajistar jama'a ta Yuli 2019 ta ba da kwana 60 don sanar da haihuwa. Idan wa'adin ya wuce sai an bi ta gaban alƙali. Ɗan riƙo ya fi kowa faɗawa wannan rami. Za ka ga tsohuwa a bakin ofishin magajin gari da jikanta a gefe, malamin makaranta ya ce a kawo takarda kafin jarrabawa, ma'aikaci yana tambaya, "Inna, ina uban yaron?" tana amsawa, "Yana Libiya, ɗana, ni ce nake riƙonsa." Ba ta da abin da za ta nuna a kan maganarta.

Abin da nake ganin ya dace ba sabon abu ba ne a karkararmu. Bayan dokar karkara ta Maris 1993 an kafa kwamitocin filaye har a matakin ƙauye, kuma a yau idan mutum ya ba da aron gona ko jingina, mai gari na iya sa hannu a takardar shaida. Gona ta sami takarda, ɗan mutum bai samu ba. A yi irinta ga riƙo: shafi ɗaya da Hausa, tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. A rubuta sunan yaro da na ubansa da uwarsa na haihuwa, da wanda zai riƙe shi, da wanda zai ɗauki nauyin karatu da magani, da wanda zai aurar idan mace ce, da dukiyar da aka bar masa idan maraya ne. Mai gari da liman su shaida, kwafi ɗaya ya tafi ofishin magajin garin Tamaske, kwamitin kare yara na ƙauye kuma ya leƙa gidan sau ɗaya ko biyu a shekara. Kada a sa kuɗi a kanta, kada a tilasta wa kaka zuwa Keita ko Tawa don ta same ta. Kuma idan yaron ba shi da takardar haihuwa, a fara neman ta a wannan zaman, tun uban bai hau motar ci-rani ba.