Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Zaman Aure Idan Ɗaya Na Ɗauke Da Ƙanjamau

A ɗakin da nake gwajin jini akwai benci guda da labule mai kauri. Mutane na kira na likita, alhali ni malamin asibiti ne kawai. A kan bencin nan wani falken albasa daga Wurno ya zauna wata safiya, bayan layi biyu sun fito a 'yar takardar gwajinsa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Likita, mata biyu gare ni. Mi za ni hwaɗa musu?"

Na ce, "Alhaji, kawo su tukuna mu duba."

Sai da ya yi mako uku kafin ya iya buɗa baki a gida. Uwargida da amarya duk suka fito lafiya lau, aka sake gwadawa bayan wata uku, haka dai. Uwargidan ta gyara mayafi ta tambaye ni, "Malam, to yanzu auren ya mutu ke nan?"

Bai mutu ba, kuma ga dalili. Maganin ƙanjamau na yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Wanda ya riƙe shi ba fashi, galibi cikin wata shida ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinta. Matuƙar yana cikin wannan hali, ba ya sa wa abokin kwanansa. A 2011 wani bincike mai suna HPTN 052, da ya bi ma'aurata 1,763 a ƙasashe tara, ya nuna fara shan magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar tsakaninsu da kashi 96 cikin ɗari.

Akwai binciken da ya fi wannan tsaya mini a rai, PARTNER2, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019. An yi shi a ƙasashen Turai 14, kan maza masu zaman tare da maza 'yan'uwansu, gida 782, kowane gida ɗaya na da cutar yana shan magani, ɗaya ba shi da ita. An ƙirga saduwa sama da 76,000 ba kwaroron roba, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Duk da haka mutum 15 sun kamu. Da aka binciki ƙwayoyin cutar da ke jininsu, sai aka ga duk daga waje suka kwaso.

Wannan darasi ya shafi kowane gida, ko a Rabah ko a Landan. Mai shan magani a kan idon iyalinsa ya toshe tasa ƙofar. Ta inda ake ɓoye-ɓoye cuta ke shigowa.

Shi ya sa na zaunar da su ukun muka ƙulla alkawari, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Alhaji zai sha ƙwayarsa bayan sallar isha'i kullum, a gaban wadda ke da girki. Zai riƙa zuwa awon yawan ƙwayar cuta a jini duk lokacin da aka sa masa, ya nuna musu sakamako. Kafin awon farko ya yi kyau, sai da kwaroron roba, ko kuma matan su sha maganin kariya da ake kira PrEP. Su ma za su riƙa gwaji lokaci-lokaci. Amaryar ce ta ƙara sharaɗi na ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa: idan ya sake kuskure a wurin fatauci, ya faɗa kafin ya shiga ɗakin kowa. Alhaji ya yi gumi, amma ya amsa.

A yankinmu abubuwa da dama na warware irin wannan alkawari. Da an kwashe albasa da tafarnuwa a fadamun Gulbin Rima, daga madatsar Goronyo zuwa Wurno, maza kan bi mota zuwa Kudu, wasu su tafi cin rani su yi watanni. Magani kan ƙare a can, kunya ta hana mutum neman wani. 'Yan bindiga sun sa hanyoyi da yawa ba sa biyuwa, ranar karɓar magani ta zo ta wuce. Ga tsoron bakin mutane: na sha ganin robar magani an kankare rubutunta da reza, wata ma an juye ƙwayoyin cikin gwangwanin madara. Da zarar an daina sha, cikin 'yan makonni ƙwayar cutar kan dawo.

Sannan akwai waɗanda ba sa iya faɗin gaskiyarsu ko a bayan labulena. Tun Janairun 2014 dokar ƙasa ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, ga kuma shari'ar Musulunci da Sakkwato ke aiki da ita tun 2000. Maza masu neman maza suna nan, wasunsu da mata da 'ya'ya, kuma tsoro na hana su zuwa gwaji. Ni aikina jini ne da magani. Duk wanda ya zauna a bencin nan, sirrinsa amana ce a wuyana, domin idan ya gudu, matarsa ma ta rasa kariya.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya. Da yawansu na da aure da wanda ba shi da ita. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, abu ne mai kyau, amma takardar da aka karanta ranar ɗaurin aure labarin wannan rana kawai take bayarwa.

Alhaji ya dawo bara da goro a leda. Amarya ta haihu, ita da jaririyar lafiya lau, awonsa kuma ya yi kyau karo na uku a jere. Kafin kowace tafiya yakan biyo ya karɓi maganin watanni ya sa a jaka.

Maigida, idan ka san akwai abin da kake ɓoyewa, ka je gwaji tare da iyalinka. Uwargida, kina da haƙƙin ki tambaya, kuma kina da haƙƙin ki ga sakamako da idonki.