Rumbunan makamai na ƙarƙashin ƙasa: Haɗarin da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari a tsofaffin ramukan dutse na Birtaniya

A kudu maso yammacin Ingila, tsakanin birnin Bath da garin Corsham, akwai gonaki da ƙauyuka waɗanda baƙo zai ratsa ba tare da ya ga wani abin mamaki ba. Amma kimanin mita 30 a ƙarƙashin waɗannan gonaki akwai hanyoyi da ɗakuna masu tsawon kilomitoci, inda gwamnatin Birtaniya ta taɓa jibge dubban ɗaruruwan tan na harsasai da bama-bamai. An daɗe da kwashe makaman, sai dai wuraren na nan, kuma har yau suna jan hankalin masu sha'awar kutsawa cikin wuraren da aka yi watsi da su.

Asalin ramukan ba na soja ba ne. Shekaru aru-aru mutanen yankin suna haƙo wani dutse mai ruwan zuma da ake kira dutsen Bath, wanda da shi aka gina yawancin birnin. Haƙar ta bunƙasa bayan injiniya Isambard Kingdom Brunel ya huda tsaunin Box domin hanyar jirgin ƙasa, wadda aka buɗe a 1841, domin aikin ya bayyana yawan dutsen da ke kwance a wurin. Mahaƙan kan yanke dutse su bar ginshiƙai su riƙe rufin, har wurin ya zama tamkar gari a cikin ƙasa.

A shekarun 1930, da Jamus ta shiga ƙarfafa rundunar samanta, hukumomin tsaron Birtaniya suka fahimci cewa rumbun makamai da ke fili abu ne mai sauƙin kai wa hari. Bam ɗaya daga jirgin sama ya isa ya tayar da komai. Maimakon haƙa sabbin ramuka, sai aka sayi tsofaffin. Injiniyoyin soja da dubban leburori suka kwashe ɓaraguzai, suka ƙarfafa ginshiƙai da kankare, suka shafe bango da farin fenti, suka ja wutar lantarki.

Daga nan aka samu Babban Rumbun Makamai na Corsham, wanda ya haɗa ramukan Tunnel da Eastlays da Ridge da Monkton Farleigh, kuma aka tsara shi ya ɗauki kimanin tan 350,000. Monkton Farleigh kaɗai ya kai eka 80. An rarraba shi shiyya-shiyya da katangu masu kauri, domin idan wuta ta tashi a wata shiyya kada ta tsallaka zuwa wata. An kuma haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 2 daga layin dogo zuwa rumbun, da bel mai jan akwatunan harsasai, ta yadda jirgin leƙen asiri ba zai ga zirga-zirgar kaya ba. Babbar matsalar ita ce laima, domin danshi na lalata albarushi, don haka aka girka manyan injinan busar da iska.

To sai dai ɓoye makamai a ƙarƙashin ƙasa ya magance haɗari ɗaya ne ya haifar da wani. A Llanberis da ke arewacin Wales, rundunar sojin sama ta gina rumbu mai hawa biyu a cikin wani tsohon ramin baƙin dutsen da ake rufin gidaje da shi, ta binne shi da tarin ɓaraguzai. Ranar 25 ga Janairu, 1942, rufin ya rufta a lokacin da jirgin ƙasa mai ɗauke da bama-bamai ke ciki, ya danne kimanin tan 14,000. An yi sa'a babu abin da ya fashe, amma an shafe watanni ana tono su. Daga baya aka riƙa zubar da lalatattun makamai a ramukan da ke kewaye, kuma sai tsakanin 1969 da 1975 ƙwararru suka yi aikin tsabtace wurin.

A Fauld da ke yankin Staffordshire ba a yi irin wannan sa'a ba. Rumbun na cikin wata tsohuwar mahaƙar farar ƙasar da ake yin filasta da ita. Da misalin ƙarfe 11 na safiyar 27 ga Nuwamba, 1944, tsakanin tan 3,500 zuwa 4,000 na bama-bamai suka tashi lokaci guda. Wata gona da ke saman rumbun ta ɓace ɗungurungum da mutanenta da dabbobinta, wata madatsar ruwa ta ɓalle ta malale masana'antar filasta da ke kusa. Kimanin mutum 70 suka rasu, cikinsu har da fursunonin yaƙi 'yan Italiya da ke aiki a wurin. Binciken hukuma, wanda ba a bayyana shi ga jama'a ba sai a 1974, ya fi karkata ga cewa an yi amfani da cizal na tagulla wajen cire abin da ke tayar da wani bam, saɓanin ƙa'ida. Ƙaton ramin da fashewar ta bari na nan kewaye da shinge da allunan gargaɗi, domin har yanzu akwai makaman da ba su fashe ba a ƙarƙashinsa.

Bayan yaƙi, buƙatar irin waɗannan rumbuna ta ragu, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 an daina ajiye makamai a yawancinsu. Kowanne ya kama gabansa. Eastlays ya koma ma'ajiyar giya mai tsada, saboda sanyinsa ba ya canzawa rani da damina. An buɗe wani ɓangare na Monkton Farleigh ga masu yawon buɗe ido a shekarun 1980, kafin a rufe shi, ɓarayi kuma suka yi awon gaba da wayoyi da ƙarafa. Daga bisani aka mayar da wasu shiyyoyinsa wurin adana takardu. A ramin Spring da ke Corsham, inda aka ƙera injinan jiragen sama lokacin yaƙi, an gina maɓoyar da gwamnati za ta koma idan yaƙin nukiliya ya ɓarke, kuma sai a 2004 aka amince a hukumance cewa tana nan.

Sassan da ba a ba su sabon aiki ba su ne ke jan masu kutse. Sukan shiga da fitilun goshi da hulunan kwano da na'urorin ɗaukar hoto, suna neman lambobin shiyyoyi da ke jikin bango, da tsatsattsun injina, da rubuce-rubucen da mahaƙa da sojoji suka bari. Wasu daga cikin hotunansu sun taimaka wajen adana tarihin wuraren da sirrin yaƙi ya hana a rubuta labarinsu a lokacin.

Amma haɗarin ba ƙarami ba ne. Ruwa na cin ƙarfen da ke cikin kankare a hankali, rufi na iya faɗowa ba tare da wata alama ba. A lungunan da iska ba ta zagayawa numfashi na iya gagara, ga kuma ƙurar asbesto daga tsofaffin bututu, wadda ke haddasa cutar huhu bayan shekaru. Waya ba ta samun layi a ƙarƙashin dutse, hanyoyin kuma sun yi kama da juna, shi ya sa jami'an ceto suka sha shiga ramukan yankin Box neman waɗanda suka ɓata. Bugu da ƙari, wuraren na da masu su, wasu na hannun Ma'aikatar Tsaro, wasu kuma mazaunin jemagu ne da doka ta hana a dame su.

Ga mai karatu a Najeriya wannan ba baƙon labari ba ne. Ranar 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja a Legas ya yi bindiga, fiye da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu a magudanar ruwa ta Oke-Afa yayin gudun tsira. Abin da Fauld da Ikeja suka nuna iri ɗaya ne: makamin da aka ajiye na iya hallaka masu shi ba tare da abokin gaba ya harba komai ba. Llanberis kuma ya nuna cewa kwashe shi na iya ɗaukar shekaru 30 bayan an daina yaƙi. Don haka ƙa'idar ƙwararru ga duk wanda ya ci karo da tsohon harsashi ko bam, a rami ko a gona, ita ce kada ya taɓa shi, ya nisanci wurin, ya sanar da jami'an tsaro.