Ƙara wa mota mai turbo ƙarfi a zafin Argungu

Akwai ƙaramin akwati da ake haɗawa tsakanin na'urorin auna iska da ƙwaƙwalwar mota, irin su e-Manage na kamfanin GReddy. Aikinsa shi ne sauya saƙon da ƙwaƙwalwar ke karɓa, sai ta ƙara fetur ko ta rage.

Haɗa wayoyin ba shi ne wahala ba, saitin ne. Injin fetur na tafiya daidai da kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, amma idan turbo ya fara hura iska da ƙarfi, sai an sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, domin yawan man na sanyaya injin. Idan mai ya yi kaɗan, sai injin ya fara ƙwanƙwasa, fistin ya narke.

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu, lokacin hunturu kuma ga ƙura mai toshe matatar iska. Saitin da aka kwafo daga Turai bai dace da mu ba. Bakaniken da ba shi da na'urar auna iskar salansa don duba saitin, kada ka ba shi motarka.