Wa Ya Fara Hura Wutar?

Ƙarfe uku ta gota a daren Juma'a, 8 ga Agusta, 2014, Hajiya mahaifiyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da gindin tocila. Ba ta saba taka sashena da dare ba, don haka na zabura, zatona rasuwa aka yi.

"Tashi. Na hura wuta. A zuba gishiri a ruwan, kowa ya yi wanka kafin assalatu, har yara."

"Hajiya, wa ya ce?"

"An ce."

Damina ce, icce ya sha ruwa. Na tarar da maiɗakina durƙushe gaban murhu tana fifita, hayaƙi na sa ta hawaye, tukunyar da ba ma saukowa da ita sai ranar suna tana kai. Na leƙa ta katanga, na ga hayaƙi na tashi a gidan tela maƙwabcinmu, can gaba ma haka. Ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandare na san gishiri ba ruwansa da ƙwayar Ebola. Na yi wankan. Har kurɓa ɗaya na yi, saboda Hajiya na tsaye a kaina.

Kafin rana ta yi tsaka maganar ta tonu. Ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu a Najeriya bayan shan ruwan gishirin, abin da mai hawan jini bai kamata ko kusa ya gwada ba. Cutar kuwa tun da Patrick Sawyer ya sauka da ita a Legas ranar 20 ga Yuli, ba ta taɓa leƙo jihar Neja ba. To me ya tashi unguwa guda a Kontagora da tsakar dare? Abin ya tsaya mini a rai, wataƙila don kunyar kurɓar nan, na ce sai na bi sawun maganar.

Na fara da Hajiya. Ta ce Gwaggo ce ta bugo daga Minna wajen ƙarfe biyu. Na kira Gwaggo, ta ce 'yarta da ke Kaduna ce ta karanto mata a waya, kuma likitoci ne suka faɗa. Tela ya ce ƙanensa na Yauri ya kira, wai wani babban malami ne ya gani a mafarki. Wani direba da ke lodin Tegina ya rantse mini cewa daga fadar wani basarake a jihar Kogi umarnin ya fito, kuma lallai a wurare da dama wannan basarake aka jingina wa maganar. Saƙo ɗaya ne, amma duk gidan da ya shiga sai ya sake hula: inda ake jin maganar asibiti ya zo da likita, inda ake jin ta malamai ya zo da malami. Ba wanda na samu da ya ji daga bakin likitan ko malamin. Kowa daga wanda yake ƙaunarsa ya ji, wanda ya hana idonsa barci, ya ƙona katinsa don ya cece ka. Wa zai ce wa gwaggonsa ta kawo hujja da ƙarfe biyun dare?

Ga kuma wa'adi. Kafin asuba, in ji saƙon. Wanda duk ya tsara shi, da gangan ko da wasa, ya toshe ƙofar tambaya, don asibiti da rediyo da masu ilimin unguwa duk sai gari ya waye ake samunsu. Kuma abin da ake nema ba shi da tsada. Masana lafiya suna ta cewa a guji taɓa jini da gumin mara lafiya, a bar wa ma'aikata gawar wanda ake zargi, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Gishiri kuwa yana kowane madafi.

Na ɗauka na gama ke nan. Sai na tuna teburin mai shayi da safiyar ranar, inda na zauna ina jin hukunci. Wani ya ce aikin mata ne, su ne ba a faɗa musu abu su yi tunani. Wani ya ce 'yan kudu ne suka ƙulla don a sayar da gishiri. Wani mai shago ya ce irin wannan shirme sai ƙauyawa, sai Kambari. Yana magana yana miƙa hannu ya karɓi burodi, na ga gishiri ya bushe fari fat a gwiwar hannunsa. Da aka yi masa dariya ya ce shi ai don kada ran mahaifiyarsa ya ɓaci ya yi. Amsar da ni ma na tanada ke nan. A 1971 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Edward Jones da Richard Nisbett, sun bayyana wannan ɗabi'a: in ni na yi abu, yanayi ne ya sa ni, in kai ka yi, halinka ne. Laifi tudu ne, Bahaushe ya riga su faɗa. Abin da na ƙara gani a teburin shi ne, halin da ake ɗora wa wasu ba a ranar aka ƙirƙiro shi ba. Tsohon raini ne da ke ajiye, ya sami abin ratayawa.

Da hantsi dattijuwar nan 'yar Kambari da ke kawo mana icce ta iso, tana mamakin yadda aka wawashe kayanta tun a bakin gari. Maiɗakina ta ba ta labari. Ta riƙe baki. Ƙauyensu babu sabis, barcinsu suka sha har safe.

Saura abu ɗaya da bai zauna mini ba. Gwaggo ta kira ƙarfe biyu, Hajiya ba ta tashe ni ba sai bayan uku. Ina sa'a gudan ta tafi? Na sake komawa, na zauna a bakin tabarmarta.

"Ai da farko ban ɗauka ba," in ji ta. "Na ce mata Allah ya tsare, na koma na kwanta. Sai na ji ƙarar bokitai a gidan tela, ana ta kai da kawo. Na ce to, kowa ya tashi, mu kaɗai za a bari?"

Ashe ba wayar ce ta tashe ta ba, maƙwabci ne. Wannan ya tuna mini gwajin da Muzafer Sherif, ɗan asalin Turkiyya, ya yi a Amurka a 1935. Ya sa mutane a ɗaki mai duhu, ya kunna ɗan ɗigon haske da ba ya motsi, amma ido kan ga kamar yana yi. Wanda ke shi kaɗai yakan faɗi nasa ƙiyasin tazarar. Da aka haɗa su suna jin juna, sai ƙiyasinsu ya rinƙa matsowa har ya zama kusan ɗaya, kuma ko an sake raba su kowa na riƙe da na taron. Ba tsoron kowa suke ba. Duhu ne, ba abin aunawa, sai bakin na kusa da kai.

Na nufi shagon tela da zumuɗin wanda ya kama ɓarawo. Na same shi da zare a baki yana ɗaura wa keke.

"Kai ne ka tashi unguwa, ashe. Hajiya bokitanku ta ji."

Ya cire zaren. "Bokitai? Malam, ai ɗakin yara ne ke yoyo. Ruwan da aka yi da dare ne ya sa muke tara bokitai muna janye katifa. Maganar gishiri na ce wa uwargida ta rabu da ita."

"To ya aka yi kuka yi wanka?"

"Na fito zubar da ruwa na hango wuta a tsakar gidanka, ga ƙatuwar tukunya. Na ce tunda gidan malamin kimiyya aka ɗora, magana ta tabbata. Ni na buga wa mai shago ƙofa, na ce masa har Malam ya yi."

Hayaƙin da na leƙa na gani ta katanga, wanda ya kashe mini baki a daren, daga wutar gidana aka ɗauko shi.

Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Najeriya ta rabu da Ebola, bayan mutum 20 sun kamu, 8 sun rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana Sawyer fita daga asibiti. Muna jin labarin a rediyo na kwashe zancen bokitan tela na faɗa wa Hajiya, tun daga yoyon kwano har ƙofar mai shago. Ta saurara har na dire, tana jan carbi.

"To," ta ce, "cikinku akwai wanda ya kamu?"