Kalmar "Home" Da Mu 'Ya'yan Hausawan Landan

Duk yaron da ya tashi a gidan Bahaushe a nan Landan ya san wannan ruɗani. Idan an tashi daga makaranta malama ta ce kowa ya tafi "home", to ɗakunan nan biyu ko uku da iyayensa ke haya a Woolwich ko Barking take nufi. Da daddare kuma sai ya ji Baba a waya yana cewa in Allah Ya yarda da Babbar Sallah zai zo "home", shi kuwa Kano yake nufi, ko Katsina, ko Kumasi. Haka muka taso, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi wanne ne na gaskiya ba, sai da muka girma muka fara cike takardun hukuma.

Bature yana da kalma biyu inda mu muke da ɗaya. "House" shi ne ginin, wato bulo da rufi, abin da ake saye a sayar. "Home" kuwa shi ne inda mutum yake zaune hankalinsa a kwance. Namu "gida" ya haɗe duka biyun har ya zarce, domin da shi muke da maigida da uwargida da ɗan gida, da shi muke gaisuwa mu ce yaya mutanen gida, wanda ya rasu ma mukan ce ya tafi gidan gaskiya.

A harkar yau da kullum kalmar ba ta da wuya. Aikin da malami ke bai wa yaro ya yi a gida "homework" ne. Idan Arsenal za ta buga a filinta na Emirates, wasan "home" ke nan, kuma wannan ko a majalisar mai shayi a Fagge an san shi. Idan Bature ya ce maka "make yourself at home", cewa yake ka saki jiki ka sha shayi, amma kada ka ɗauka irin tayin Bahaushe ne ka je ka ɗauko jakarka. Wadda ta fi ɗaure wa iyayenmu kai ita ce "care home", gidan da ake kai tsofaffi ma'aikata su kula da su. Har gobe akwai dattawanmu da ba su gane yadda za a kira wurin da 'ya'yanka ba sa kwana da sunan gida ba.

To, amma inda maganar ta yi nauyi shi ne Home Office, wato Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, mai kula da biza da izinin zama da takardar zama ɗan ƙasa. A watan Yulin 2013, lokacin Theresa May na riƙe da ma'aikatar, an zagaya da motoci a ƙananan hukumomi shida na Landan, ciki har da Brent da Barking and Dagenham, ɗauke da rubutun cewa wanda ba shi da takarda ya "go home" ko a kama shi. An ce ba da irinmu ake ba. Sai ga shi a 2018 ta bayyana cewa an tsare, har ma an kori wasu 'yan asalin Karibiyan da suka shigo ƙasar bisa ƙa'ida tun suna yara, abin da ya ci kujerar minista Amber Rudd. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima ba sa buƙatar dogon bayani a nan, domin kakanninsu sun ga irin wannan a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ce baƙi marasa takarda su bar Gana.

Shi ya sa a duk zaman da muke yi da matasa muke nanata abu biyu. Na farko, tun daga 1 ga Janairun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai idan uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin a lokacin haihuwar. Yaron da aka haifa a nan ya kuma yi shekaru 10 na farko a nan yana da damar yin rajista, amma sai an nema, ba ta zuwa da kanta.

Na biyu ya fi shafar iyaye masu cewa "a kai shi gida ya samu tarbiyya". Jami'o'in Ingila suna raba ɗalibai gida biyu, "home" da 'yan ƙasar waje. A shekarar karatu ta 2025/26 mafi yawan abin da za a caji ɗalibin "home" a digirin farko fam 9,535 ne, na waje kuwa sau da yawa yakan biya ninki biyu ko fiye. Fasfo kaɗai ba ya wadatarwa, ana duba ko nan ne mazaunin ɗalibi a shekaru 3 kafin ya fara karatu. Saboda haka yaron da aka tura Zariya ya yi sakandare, ranar da ya dawo sai an kawo hujjar cewa tafiyar ta wucin gadi ce. Ba mu ce kada a kai yara su ga dangi su koyi gaisuwa ba, mu ma an kai mu kuma mun amfana. A dai ajiye takardun haya da na likita da tikitin zuwa hutu.

Su kansu dattawan da suka shekara talatin suna cewa baɗi za su koma, da yawansu sun gina gida a can, wani ɗan uwa ne ke kwana a ciki. Idan ta Allah ta kasance, addini ya ce a gaggauta, sai mu yi musu sallah mu raka su maƙabartar Musulmi ta Gardens of Peace. Daga can sai a buga waya a sanar da mutanen gida, su ma su zauna karɓar gaisuwa.