Idan jandarma ko ɗan sanda ya tsare wani naku

A gida Najeriya mun saba da ɗan sanda iri ɗaya. A nan Kamaru iri biyu ne. 'Yan sanda sun fi aiki a cikin gari, kamar Mokolo da Marwa. Jandarmomi kuwa ɓangaren soja ne, ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, su ne aka fi gamuwa da su a ƙauyuka da kan hanya. Kayansu daban, amma idan ana maganar kama mutum, doka ɗaya ce ta ɗaure su: dokar shari'ar laifuffuka ta 2005, wadda ta fara aiki a Janairun 2007.

Abin da iyaye mata suka fi tambayarmu a ofis shi ne kwana nawa za a riƙe yaro. Dokar ta ce awa 48, ana iya ƙara wasu 48. Bayan haka sai da izinin mai gabatar da ƙara a rubuce, shi ma sau biyu kawai zai ƙara. Kwana takwas ke nan, ban da abin da ake ƙarawa saboda nisan hanya. Zargin ta'addanci ne ya fita daban: dokar 2014 ta ba da kwana 15, kuma ana sabuntawa. Shi ya sa muke roƙo kada ku jira gari ya waye kafin ku gaya mana.

Wanda ke tsare yana da damar ya yi shiru, ya nemi lauya, likita ya duba shi, danginsa su kai masa abinci. Duka da barazana don ya amsa laifi haramun ne a dokar. Kada mu ɓoye muku, ba kullum ake bin abin da ke takarda ba. Amma jami'i yakan yi hattara idan ya san an rubuta ranar da ya kama mutum da lokacin.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen sa hannu. Da Faransanci ake rubuta bayanin da mutum ya yi, kuma wannan takardar ce za ta bi shi har gaban alƙali. Kada ku dangwala yatsa sai an karanta muku ita da harshen da kuke ji. Ku nemi tafinta, ko da an ce ana sauri.

Dokar 'yan gudun hijira ta 2005 ta hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari, ta kuma ba shi damar kai ƙara kotu. Takardar shaidarku ce ke nuna kuna cikin waɗanda dokar ta rufe, don haka kada ku fita Minawao babu ita. Idan an tsare wani, ku zo ofishin kariya da cikakken sunansa, lambar takardarsa, inda aka kama shi da ƙarfe nawa, kuma ko jandarma ne ko ɗan sanda.