Yadda Ake Auna Motsin Ƙasa Daga Sararin Samaniya

Wanda ya ratsa duwatsun Tahaggart, a lardin Tamanrasset na kudancin Aljeriya, zai ɗauka ƙasar ba ta motsi sam. Amma masana sun nuna cewa doron ƙasa yakan ɗaga ko ya nutse kaɗan-kaɗan, kuma wannan ɗan motsi yakan zama alamar haɗari tun kafin ido ya gani.

Da na'urar rada ake auna shi. Tauraron ɗan'adam yana aiko da igiyar rada, ta bugi ƙasa ta koma. Idan ya sake bi ta wurin, sai a gwada awon farko da na biyu. Bambancin da aka samu shi ne motsin ƙasar. Hamada ta fi ko'ina dacewa da wannan awo, domin babu ganye ko gonaki da za su rikita shi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage shi ne Alessandro Ferretti, ɗan ƙasar Italiya. Shi da malamansa biyu na Milan, Fabio Rocca da Claudio Prati, sun ƙago dabarar bin abubuwan da ba sa canzawa, kamar duwatsu da gine-gine, shekara da shekaru. A shekarar 2000 suka kafa kamfanin TRE, wanda ya shiga sa ido kan zaizayar tsaunuka da nutsewar birane.

An ga amfanin dabarar a arewacin Tahaggart, a shirin iskar gas na In Salah. Daga 2004 zuwa 2011, kamfanonin Sonatrach da BP da Statoil sun tura tan miliyan 3.8 na iskar kabon can ƙarƙashin ƙasa a Krechba. Ferretti da Donald Vasco, wani masanin ƙasa a Amurka, suka nazarci awon tauraron Envisat. Sai suka ga ƙasa tana ɗagawa kimanin milimita 5 a shekara. A kan wata rijiya kuma tudu biyu ne suka bayyana maimakon ɗaya, wato alamar dutsen ƙasa ya tsage. A 2011 aka dakatar da aikin saboda fargabar kada iskar ta sami hanyar fita.

Tun daga 2014, Turai tana raba awon taurarin Sentinel-1 kyauta. Ke nan ɗalibi a Kano ko Yamai zai iya koyon wannan sana'a da kwamfutarsa.